Ranar Da Muka Binne Zafi A Zaurena

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Na manta fuskokin mutanen da na gina wa gidaje, wani lokaci har carbina nakan yi ta nema alhali yana rataye a wuyana. Amma akwai wasu 'yan kwanaki cikin wata marka a Tudun Wada waɗanda ba zan manta da su ba har ranar da za a mai da ni ƙasa. Ko yanzu in na ga tururi yana tashi daga bakin tukunya, can hankalina yake komawa.

A lokacin Turawa ba su daɗe da zama a Zariya ba, jirgin ƙasa ma bai fi 'yan shekaru da fara shigowa ba. Tudun Wada kuwa ba wannan da kuka sani ba ce. Gidaje ne tsilli-tsilli da gonaki a tsakaninsu, yawancinmu baƙi ne da neman abinci ya tara. Ni magini ne, ginin ƙasa na gada, amma da aka fara ƙona jan bulo saboda gine-ginen Turawa sai na shiga aikin. A nan na lura da wani abu da ya riƙa ba ni mamaki. In aka gama ƙona bulo aka kashe wuta, sai a yi kwana biyu ba wanda zai iya sa hannu a ciki. Wuta ta mutu, toka ta kwanta, amma zafin yana nan zaune cikin bulon. Na gani, na yi mamaki, na wuce. Ban san zai yi mini rana ba.

Ɗanmu na fari a gidan iyayen maiɗakina aka haife shi, can Dutsen Abba, kamar yadda aka saba. Sau biyu na gan shi, su ma daga nesa, don kunyar ɗan fari ba ta bar ni na kalle shi da kyau ba, balle in ɗauka. Kafin su dawo gida Allah ya karɓi abinsa. Ban taɓa riƙe shi a hannuna ba. Ban gaya wa kowa yadda wannan ya tsaya mini a rai ba, amma da ta sake samun ciki na ƙudura cewa wannan karon a gidana za a haihu, a gidana za a yi wankan jego, a ƙofar gidana kuma za a raɗa suna.

Iyayenta suka amince, bisa sharaɗi ɗaya: yayar mahaifinta, wadda duk muke kira Gwaggo, ita za ta zo ta yi mata wanka. Ni kuma in tanadi itacen jego wanda zai kai kwana arba'in, wanka safe da yamma, da ruwan da ya tafasa. Tun da bazara na fara tari. Na tara itace har ya fi ni tsawo, na kafa masa rumfa a bayan gida, duk wanda ya zo wucewa sai na ja shi ya gani. To, rumfar a gurguje na yi ta. Mutumin da ke yi wa wasu ginin da zai shekara talatin, ga shi ya kafa wa kansa dirkoki huɗu da ko taki ɗaya ba su shiga ƙasa ba.

Ranar Talata maiɗakina ta sauka lafiya, aka samu mace. Da azahar sai ga Gwaggo, tukunyar wanka a kanta, kwatarniyarta a hannun wata mata da ta rako ta. Gajeruwa ce, ba jiki, amma in ta yi gyaran murya kaji ma sukan nutsu. Da yake suruka ce, ba ta yi mini magana kai tsaye. In na durƙusa na gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. In kuwa tana da saƙo gare ni, jaririyar take gaya wa. Ina tsaye a tsakar gida zan ji ta tana cewa, "Ke 'yar nan, a gaya wa ubanki randa ba ruwa." Sai in ɗauki tulu in fita.

Kwana biyu komai yana tafiya daidai. Ranar Alhamis marka ta sauka. Ba irin ruwan da zai zuba ya ɗauke ba ne, wannan yini yake yi ya kwana, in ya tsagaita sai yayyafi. Da na leƙa bayan gida da safiyar Juma'a, sai na tarar rumfata ta durƙushe, itacen da na yi wata uku ina fariya da shi yana kwance cikin taɓo ya sha ruwa ya ƙoshi. Na zagaya maƙwabta, kowa nasa ya jiƙe. Masu kawo itace daga daji ba su shigo ba, rafuka sun cika. Abin da ya rage mini busasshe 'yan dammuna ne da na jingine a zaure. In za a hura wutar wanka sau biyu a rana, ba za su kai mu ranar suna ba.

Da yammar nan na yi tsumulmula, na ba da itace kaɗan na cakuɗa da ɗanye. Hayaƙi ya cika gida, ruwa ya yi ɗumi ya tsaya nan. Gwaggo tana da yadda take gwada ruwan wanka: takan tsoma hannu har wuyan hannu, in ta iya barinsa a ciki to ruwan bai yi ba. Hannun nan kuwa ya shekara arba'in yana kwashe tuwo, ba ƙaramin zafi ke sa shi ya motsa ba. Ta tsoma, ta bar shi a ciki, har da kaɗa yatsu. Sannan ta shiga ɗaki, ta ɗaga murya yadda zan ji.

"Ke 'yar nan, a gaya wa ubanki ni ba na wanka wa mai jego da ruwan alwala. Sanyi ya shiga jikin uwarki, wa zai fitar? In gobe haka ne, jibi mu kama hanyar Dutsen Abba, can a yi sunan. Gidan ubanta itace bai ƙare ba."

Ba kunyar a yi suna a gidan surukai ce ta fi damuna ba, ko da yake ita ma ba ƙarama ba ce. Na hango su ne a hanya cikin ruwan nan da jaririyar kwana biyar, na kuma tuna wancan da ya tafi ban riƙe shi ba. Na san in suka fita daga gidan nan, sai bayan watanni zan sake ganinsu, in Allah ya sa na gan su.

Ina zaune a zaure bayan magariba ina kallon 'yan dammunan nan, sai wurin ƙona bulo ya faɗo mini a rai. Idan bulo zai riƙe zafi kwana biyu, me zai hana dutse ya riƙe daga safe zuwa la'asar? A hura wuta sau ɗaya da safe, a zuba duwatsu a ciki su sha zafi, da yamma a jefa su cikin ruwa. Na ji kamar ni na fi kowa basira a ƙasar Zazzau. Kuskuren da na yi shi ne ban gaya wa kowa ba. So nake in ba Gwaggo mamaki.

Na kuwa ba ta. Da aka idar da asuba na gangara bakin rafin Kubanni, na tsinci duwatsu masu santsi, kyawawa, na cika buhu. Da na dawo Gwaggo ta riga ta ɗora tukunya a ɗakin girki, ta shiga duba jaririya. Na lallaɓa na tura duwatsuna cikin wutar, na koma gefe na tsuguna ina jiran a yabe ni. Ta dawo ta zauna a kujerarta tana fifita wuta da faifai. Ba a jima ba sai muka ji tau! kamar an harba bindiga. Kafin mu yi salati wani ya sake fashewa. Toka ta turnuƙe, ɓarɓashin dutse ya daki kwatarniyar Gwaggo ta rabe biyu, kaji suka haura danga. Gwaggo ta fito da gudun da ban taɓa zaton tana da shi ba, kallabi a hannu, fuska fari fat da toka, tana ta "Innalillahi! An shigo! An shigo!"

Maƙwabcina, wani maƙeri abokin wasana, ya faɗo gidan da guduma a hannu, yana zaton sojoji ne. Da ya leƙa murhu ya ga abin da ke ciki, ya dube ni, sai ya zauna daɓas a cikin taɓo yana dariya har da riƙe ciki. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo, tukunyar wanka ma ta tsira. Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige.

Gwaggo ta wanke fuska, ta shiga ɗaki ta fara ƙulle kayanta. Ina durƙushe a ƙofar ɗakin, kaina a ƙasa, sai na ji wani abu da ban ji ba tun kafin haihuwar: maiɗakina tana dariya. Tun da ta sauka ba ta sake ba, kullum idonta a kan jaririyar, tana sauraron numfashinta. Ga ta yau tana dariya har tana cewa cikinta zai yi ciwo. Da ta samu ta tsagaita ta ce, "Gwaggo, don Allah kafin mu tafi a tambaye shi mana. Mutum dai ba zai dafa duwatsu haka kawai ba."

Sai Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, tambayi ubanki, miyar duwatsu ake sha a garinsu?"

Na yi bayani ina kallon dokin ƙofa. Na faɗi yadda bulo ke riƙe zafi bayan wuta ta mutu, na faɗi lissafin itacen da ya rage ba tare da ɓoye komai ba, na ce nufina wuta ɗaya ta yi wanka biyu. Na gama. Har na fara miƙewa sai na ji ta kwance ƙullin da ta ɗaure.

"Ke 'yar nan," in ji ta, "ashe ubanki ba wawa ba ne duka, rabi ne. Dutsen da ya kwana a rafi ya sha ruwa, in ya ji wuta dole ya fashe, wannan ko yarinyar da ta fara girki jiya ta sani. Duwatsun murhu shekara nawa suna cin wuta, ya taɓa ganin sun yi bindiga? Ya nemo irinsu, da tsofaffin duwatsun niƙa da ke ajiye a ɗaka. Sannan ko ya gasa su, in ya bar su a sarari iska za ta sha zafin kafin azahar. Zafi binne shi ake yi."

Daga nan ta ba jaririyar labari, mu kuma muka saurara. Ta ce tana yarinya, zamanin da ake kai hare-hare ƙauyensu, ba a hura wuta da rana don kada a hango hayaƙi. Uwarta takan dafa abinci tun da jijjifi, ta haƙa rami a ɗaki, ta sa tukunyar a ciki, ta zagaye ta da toka da ƙaiƙayi ta rufe. Da yamma in aka buɗe, sai an fifita ake ci. Ta ce ba ta taɓa gwadawa da ruwan wanka ba, ba ta kuma taɓa haɗawa da dutse ba, amma ta ƙara mini kwana ɗaya. Gobe Lahadi za a gwada. In ruwan yamma ya kori hannunta, an zauna. In bai kora ba, Litinin da sassafe sai hanya.

Ramin sai a wuri busasshe, ɗakin girki kuwa yana yoyo. Ta fito ta zagaya gidan, ta tsaya a tsakiyar zaurena ta buga ƙafa. Wannan zauren shi ne abin alfaharina. Da hannuna na yi masa daɓe, na shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, har yana ƙyalli, ko akuya ba na bari ta taka. Na dubi daɓen, na dubi ƙofar ɗakin da 'yata take, na ɗauko diga. Maƙeri yana tsaye yana cewa, "Sara da kyau, magini, yau dai an samu wanda zai biya ka da toka."

Yinin Asabar ɗin nan ban zauna ba. Na bi gida gida cikin yayyafi ina sallama ina roƙon tsohon dutsen niƙa. Labarin bindigar ya riga ni isa ko'ina, don haka kowace ƙofa na tsaya sai in ji mata a ciki suna ƙyalƙyala dariya, wata ta ce a tambaye ni ko da kanwa zan dafa. Amma ba gidan da na fito hannu wofi. Wannan ta turo dutse, waccan ta aiko da ƙwaryar toka, wata ta ba da buhun ƙaiƙayin da ta ajiye wa kaji. Matar maƙeri ta ara mana kwatarniya da babbar tukunya ta biyu, shi kuma ya kawo awartakinsa na ɗaukar ƙarfe. Na je wurin aikinmu na roƙi guntayen bulo da aka zubar, waɗanda ke ƙarƙashin rumfa ruwa bai taɓa su ba. Wankan yammar nan da wuta ta biyu aka yi shi, itacen zaure ya ƙara raguwa.

Lahadi da safe muka hura wuta ɗaya mai kyau, muka jera duwatsu da bulo a cikinta. Tukunyar farko ta tafasa aka yi wankan safe, aka dama kunun kanwa a gefe, ta biyu ta hau ita ma ta tafasa har tana tsalle. Ni da maƙeri muka kwashe duwatsun da awartaki muka jera a gindin ramin. Na kai hannu zan zuba ƙaiƙayi, Gwaggo ta daka tsawa, "Ke 'yar nan, ubanki zai ƙone gidan! Toka tukuna!" Muka lulluɓe duwatsun da toka mai kauri, muka ɗora tukunyar, aka rufe bakinta da kasko aka liƙe da ƙyalle. Toka ta zagaye ta, ƙaiƙayi ya biyo baya har baki, sannan tsohuwar tabarma da buhuna. A kai Gwaggo ta sa aka jera jiƙaƙƙen itace, ta ce ɗumin da zai kuɓuce kada ya tafi a banza. Guntayen bulon kuwa ta sa aka tura su ƙarƙashin gadon ƙasa na mai jego, inda aka saba hura mata wuta, aka toshe bakin.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Kafin hantsi ya ɗaga na je zan ɗan ɗaga tabarmar in ji, sai na tarar Gwaggo ta kawo kujera ta zauna a bakin ramin da mazarinta tana kaɗi. Sau uku ina zagayowa, sau uku tana gyaran murya. Na je masallaci azahar, Allah ya gafarta mini, rabin hankalina yana cikin ramin nan. Da la'asar ta yi, zauren ya cika da maƙwabta, mata kuma suna leƙe ta kan danga. Kowa ya zo ganin yadda magini zai ƙare.

Aka kwashe itace, aka yaye tabarma, na share ƙaiƙayi da hannuna. Gwaggo ta kwance ƙyallen ta ɗaga kasko. Tururi ya taso ya bugi rufin zaure. Ta naɗe hannun riga, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tsoma hannu. Ko ƙiftawa ba a yi ba ta fizge shi tana yarfewa. "Wash! Kai, wannan ai sai an sirka!"

Zaure ya kaure da sowa. Wata daga bayan danga ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Maƙeri ya tono dutse ɗaya daga gindin ramin ya jefa a ƙwaryar ruwan sanyi, ya yi cuu, mutane suka sake ɗaukar ihu. Ni kuwa ina tsaye ina dariya, hawaye yana zuba, ban ma damu da wanda ya gani ba. Itacen da aka jera a kai ya sha iska ya yi ɗumi, da muka ƙara masa kwana a gefen murhu sai ga shi yana kamawa. Maiɗakina ta ce gadon nan bai huce ba har aka yi isha'i, ga ɗaki ba hayaƙin da ke sa jaririya tari.

Bayan an gama wanka na je na durƙusa a ƙofar ɗaki don in yi godiya. Gwaggo ta fito da jaririyar a naɗe cikin zane. Ba ta kalli bango ba, ba ta kuma ce "ke 'yar nan" ba. Idona ta duba.

"Miƙo hannunka, ɗana," ta ce. "Wancan ba ka riƙe shi ba, ina lura da kai. A hannuna ya cika. Kana zaton don in wulaƙanta ka nake faɗan ruwan zafi? Tsoro nake ji, irin wanda kake ji."

Ta ɗora mini ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan, jikinta da ɗumin wanka, tana ƙanshin ganyen runhu da ake wankan jego da shi. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni ta mayar ta rufe. Na daɗe a durƙushe a wurin, ba wanda ya ce in tashi.

Ranar Talata aka raɗa suna a ƙofar gidana, hadari ya ja baya, rana ta fito. Aka yi ta tsallake ramin zaure ana shiga gaisuwa, don Gwaggo ta hana a cike shi. Da wuta ɗaya a rana muka ƙarasa kwana arba'in, ko bayan da masu itace suka dawo. Daga baya duk gidan da aka haihu da damina a unguwarmu sai an aiko aron duwatsun, wasu har da aron magini. Yarinyar nan yanzu tana da jikoki, ɗaya daga cikin duwatsun kuma yana nan a ɗakinta, ya yi baƙi ƙirin.

Abin da na koya a kwanakin nan bai tsaya ga ruwan wanka ba. Na gane cewa ɗan abin da ke hannunka zai iya isarka in ka san yadda za ka tattala shi. Na kuma gane cewa rabin dabarar ce kawai a wurina, ɗaya rabin yana wurin tsohuwar da na ɗauka abokiyar gaba, saura kaɗan in rasa duka saboda son a ce ni kaɗai na iya. Tun daga ranar, in wani tunani ya zo mini, kafin in tura shi cikin wuta nakan nemi wanda ya girme ni in durƙusa in faɗa masa. In kuma na ga mutum yana yi mini faɗa a kan abin da nake ƙauna, ba na saurin jin haushi. Nakan fara tambayar kaina ko shi ma tsoron rasa abin yake yi.